An ba ni aikin koyarwa a Samaru, amma albashin bai kai na kamfani ba. In karɓa?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda ke cikin aikin jami'a ko suka taɓa yi. Takardar ɗaukar aiki ta fito mini a Jami'ar Ahmadu Bello, mataimakin lakcara, ɓangaren aikin gona. Yanzu ina wani kamfanin iri da taki a Kaduna, kuma abin da aka ce mini zan riƙa ɗauka bai kai na yanzu ba, ratar ma ba kaɗan ba ce. Ina da mata da yara biyu, ga mahaifiya a Tudun Wadar Zariya. Hajiya ta ce in dawo gida, uwargida ta ce in ɗauki biro in yi lissafi. Ni kuma tun ina aji uku raina ke kan binciken iri. Don Allah wanda ya san cikin aikin ya faɗa mini yadda yake.

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Kafin a fara, dokar zaure tana nan: wanda zai kawo ƙorafi kada ya kira sunan mutum, ko sashe, ko makarantar da abin ya faru. Bismillah.

Ɗan Kwangila:
Malam zauna inda kake. Wa ke barin albashin da ke shigowa ranar 25 ga wata ya koma inda ake tafiya yajin aikin wata takwas? Suna kawai za ka samu. A gaishe ka da Dakta a masallaci, ka dawo gida uwargida ta ce gas ya ƙare.

Malam Na-Samaru:
Ɗan Kwangila bai yi ƙarya ba a batun kuɗi, amma ya ba ka rabin amsa. Ƙanena, na daɗe a wannan aikin, kuma abin da zan fara ce maka shi ne tambayarka ta yi faɗi. Jami'ar nan gari ce guda. Akwai Samaru, akwai Kongo inda masu shari'a da harkar mulki suke, akwai Shika inda asibitin koyarwa da cibiyar binciken dabbobi suke. Mutum biyu za su shigo rana ɗaya, mataki ɗaya, albashi ɗaya, bayan shekara biyar ɗaya ya gama digiri na uku yana da maƙalu a mujallu masu daraja, ɗayan yana nan inda aka aje shi yana jan ajin 'yan shekarar farko. Ba ƙwaƙwalwa ce ta raba su ba. Hannun da kowa ya faɗa ne.

Saboda haka kafin ka sa hannu, ka zo Samaru ka kwana biyu. Ka bincika wane babban malami ne ke aiki a kan abin da kake so, masara ce ko dawa ko wake. Yana da tallafin bincike a hannu yanzu? Ɗalibansa na digiri na uku suna gamawa, ko suna tsufa a ƙofar ofishinsa? Yana sa sunan yaransa a maƙala in sun yi aikin? Kada ka tambaye shi, ka tambayi waɗanda suka wuce ta hannunsa, ka kuma tambayi ma'aikatan gona. Su ba su iya ɓoye irin wannan ba.

Dalilin da ya sa nake nanata tallafi: albashi ba ya yin bincike. Ba a nan kaɗai ba, a duk jami'o'in ƙasar nan. Kuɗin taki, da man mota zuwa gonakin gwaji, da sinadaran ɗakin gwaje-gwaje, da ladan leburori, galibi daga waje suke zuwa, ko asusun bincike na TETFund, hukumar gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ko haɗin gwiwa da cibiyoyin binciken noma na duniya irin su IITA da ICRISAT. In ka shiga tawagar da ke da irin wannan, za ka yi aikin da ka zo yi, har ɗan alawus ɗin fita fili ya riƙa toshe maka wata kafa. In ba ka shiga ba, koyarwa ce zalla da makin takardu.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba. To shi ƙarin girma fa, yaya yake tafiya?

Malam Na-Samaru:
Tsani ne mai hawa bakwai. Mai digiri ɗaya yana farawa daga ƙasa, kai mai digiri na biyu kana hawa na biyu, sai lakcara mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Galibi shekara uku ce tsakanin hawa da hawa, in takardunka sun cika. Ba ka zama babban lakcara ba digiri na uku, wannan ka sa shi a ranka tun yau. Hawa biyun ƙarshe kuwa sai an tura rubuce-rubucenka ga farfesoshin wasu jami'o'i sun auna, kuma wani ya kan riƙe su ya daɗe bai dawo da su ba. Ka guji mujallun nan na biya-a-buga-maka-gobe. Kwamitin tantancewa ya gane su, za ka yi asarar kuɗi da maƙala.

Maman Sadik:
Ni ba a Samaru nake ba, wata jami'ar tarayya ce, amma gidanmu Zariya kuma aikin duk ɗaya ne. Malam ya faɗi gaskiya a kan hannun da mutum ya faɗa, ni shaida ce. Wanda ya fara duba aikina na digiri na uku sai ya riƙe babi guda zango ya wuce bai buɗe ba. In na je ya ce in dawo bayan taron majalisa, in na dawo ya yi tafiya. Sai da aka canja mini wata baiwar Allah, ita kuwa ko a asibiti take za ta turo gyara ta WhatsApp. Allah ya saka mata.

Amma abin da maza ba sa faɗa maka shi ne aikin da ba ya cikin takardar ɗaukar aiki. Sabon shiga shi ake ɗora wa jami'in jarrabawa ko mai kula da aji. Ka san me wannan ke nufi? Takardun jarrabawa cike da jakar gana-mas-go a bayan mota, ka kai gida. Yara sun yi barci, ka shimfiɗa su a tabarma ka kunna fitilar caji, jan biro a hannu, rubutun wani kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Ka gama maki, ka shigar da sakamako a kwamfuta, lamba ɗaya ta kuskure yaro ya samu kari-oba a kwas ɗin da ya ci. Da safe ka tarar da layi a ƙofar ofis: wannan sakamakonsa ya ɓata, wannan mahaifinta ya rasu ranar jarrabawa, wannan ya zo da kawunsa a roƙa masa maki biyu. Ga 'yan furojet, kowa da babinsa. Sai ka duba kalanda ka ga wata uku ba ka taɓa naka binciken ba, kuma ranar ƙarin girma ba wanda zai tambaye ka takarda nawa ka maka. Maƙala nawa ka buga, ita ce tambayar.

Duk da haka ban bari ba, kuma ba na shirin bari. Ina kai yarana makaranta da kaina, in ɗauko su da kaina. Ƙawata da ke banki sai bayan isha'i take ganin nata.

Ɗan Kwangila:
Hajiya kin gama yi mini aiki ai. Kuma wai bincike, bincike. Wane bincike? Tun muna yara ake cewa ana bincike a Samaru, har yau da fartanya kakana ke noma a Bomo.

Baban Gona:
Ɗan Kwangila yaro ne, bari in ba shi amsa. Na yi aikin fasaha a gonakin cibiyar binciken aikin gona ta Samaru har na yi ritaya. Je ka shagon iri a Sabon Gari ka karanta abin da ke jikin buhu. In ka ga SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMCOT auduga. Wannan SAM ɗin na farko Samaru ke nan. Irin masarar da ke jure wuta-wuta da wanda ke nuna da wuri in damina ta gajarta, daga sama suka faɗo? Kazar nan Shika Brown da masu kiwo ke yi wa rububi don ƙwai, a cibiyar dabbobi ta Shika aka fitar da ita. Tashar binciken noma ta Samaru ta girmi jami'ar kanta, tun 1922 take, jami'a kuwa sai 1962.

Kai kuma Abban Hanifa, tunda iri kake so, bari in nuna maka aikin da idonka. Lokacin haɗa auren masara, tun kafin goyo ya fitar da gemu za ka bi layi-layi kana rufe shi da 'yar jaka, don kada iska ta kawo masa garin furen da ba ka so. Ana gobe za a haɗa, ka ɗaure jakar takarda a kan furen saman wadda ka zaɓa ta zama uba. Da safe, in raɓa ta bushe amma rana ba ta yi zafi ba, ka lanƙwaso kan a hankali ka kaɗa, garin ya zuba cikin jaka, ka ɗauka da sauri ka juye a kan gemun uwar, ka rufe, ka danne da ƙusar takarda. Sai ka rubuta lambar uwa da ta uba a jiki, da fensir, don ruwan sama na wanke biro. Haka za ka yi ɗaruruwa kafin azahar, ganye na yankar hannu, garin fure na shiga wuya yana ƙaiƙayi. Yaro ɗaya ya yi ganganci ya musanya jaka biyu, aikin damina guda ya tafi. Da rani a kwashi irin a tafi Kadawa a shuka da ban-ruwa don a samu zuriya biyu a shekara. A haka ake shafe shekaru, a gwada a tashoshi, a gwada a gonakin manoma, kafin kwamitin ƙasa ya yarda a sake shi da suna.

Shawarata ɗaya ce. In ka zo, ka girmama ma'aikatan gona da na ɗakin gwaje-gwaje. Akwai wanda bai wuce difloma ba amma da ido zai gaya maka wannan layin ya gauraya. Na ga matasa sun zo da digiri suna ɗaga hanci, damina ɗaya ta sauke su.

Ummu Aiman:
Baba tunda an zo nan, waken nan SAMPEA 20-T da aka saki a 2019, ba shi ne wanda aka sauya wa halitta ba? Ni fa ban yarda da shi ba, haka masarar TELA.

Baban Gona:
Shi ne 'yata. An yi shi ne don tsutsar da ke huda kwanson wake, don a rage yawan feshi. Masu goyon baya da masu suka duk suna nan har cikin malaman.

Shugaban Zaure:
Ummu Aiman a buɗe wa wannan nasa zaren daban, in muka shiga ba za mu fito ba yau.

Hajiyar Kongo:
Ina ta karatu ina jira in ga ko wani zai tuna da mu. Kullum in ana maganar aikin jami'a sai ka ce malamai kaɗai ke ciki. Wa ke buɗe fayil ɗinka ran da ka zo? Wa ke lissafa albashinka, wa ke rubuta bayanan taron majalisar jami'a, wa ke kwana a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim lokacin jarrabawa, wa ke tura ruwa daga dam zuwa kwatas da ɗakunan kwanan ɗalibai? Masu gadi fa, da direbobi, da ma'aikatan asibitin makaranta? Mu ma muna da ƙungiyoyinmu, SSANU da NASU, masu fasaha kuma NAAT. Tsarin albashinmu daban, CONTISS, na malamai CONUASS. A 2022 mu ma mun yi namu yajin, namu albashin ma an riƙe, amma jaridu ASUU, ƙungiyar malamai, kawai suka sani. In aka turo kuɗin alawus ɗin da ake bin gwamnati, wajen rabo ne za ka ga 'yan gida ɗaya ba sa ga maciji.

Ɗana, abin da zan gaya maka na ofis ne. Kowace takarda aka ba ka, ka yi mata hoto biyu ka adana: ta ɗaukar aiki, ta kama aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma. Ranar ritaya duk sai an nema. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a banki, da katin ɗan ƙasa, da kamfanin fansho. Harafi ɗaya ya sha bamban, ka sha zirga-zirga. Kuma ka zo da guzurin 'yan watanni, don sabon ma'aikacin gwamnatin tarayya ba lallai ne alat ya shigo masa a watan farko ba.

Maman Sadik:
Hajiya ba a manta da ku ba wallahi. Amma ku ma a riƙa tausaya mana, fayil ya kwana a tebur ɗaya sati biyu.

Hajiyar Kongo:
Ƙanwata, sau da yawa fayil ɗin yana jiran sa hannun farfesa ne da ke can wata jami'ar yana koyarwar wucin gadi. Mu ake gani a tebur shi ya sa.

Ɗan Kwangila:
Kun gani ko? Tun bai shigo ba an fara.

Malam Na-Samaru:
Bari in taɓa batun yajin aiki tunda shi ne abin da ke tsorata iyalinka, kuma suna da hujja. A 2020 an tafi tun Maris sai Disamba, ga korona a tsakiya. A 2022 an fara 14 ga Fabrairu, aka janye 14 ga Oktoba bayan kotun ma'aikata ta ba da umarni a koma. Gwamnati ta ce ba aiki ba biya. Sai a farkon 2024 aka saki albashin wata huɗu daga ciki. Tushen rigimar yarjejeniyar 2009 ce tsakanin gwamnati da ASUU da aka yi ta jan ƙafa wajen sabunta ta, sai kuma IPPIS, tsarin biyan albashi daga Abuja, wanda ƙungiya ta ce bai san da malamin da ya tafi hutun bincike na sabatika ko malamin aro ba. A Disamban 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga cikinsa.

Ni ɗan ƙungiya ne, ba na ɓoyewa. Duk wanda ke zagin ASUU ya zagaya cikin kowace jami'ar gwamnati ya ƙirga gine-ginen da ke ɗauke da tambarin TETFund. Wannan asusun daga gwagwarmayar 1992 ya fito, aka kafa harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, aka mai da shi TETFund a 2011, harajin ya kai kashi 3 a 2023. Da yawanmu da kuɗinsa muka yi digiri na uku.

Abu Ammar:
Malam da girmanka, a nan na saɓa maka. Ƙanwata ta shiga karatun shekara huɗu ta fito a shekara ta shida. Manemin aurenta ya gaji ya tafi. Ku in an dawo ko ba jima ko ba daɗe a biya ku wani abu, ita wa zai biya ta shekarunta? 'Ya'yan masu yanke hukunci ba sa nan, suna ƙasar waje ko jami'o'in kuɗi. Bulalar a jikin talaka take sauka. Shi ya sa har wasu malaman suka ɓalle suka yi CONUA, aka yi mata rajista a 2022.

Malam Na-Samaru:
Ban musa zafin ba Abu Ammar, 'ya'yana ma a gida suka zauna tare da ƙanwarka. Kawo mini wata hanyar da aka taɓa gwadawa gwamnati ta saurara, in bi ka. Wasiƙu an rubuta, kwamitoci an zauna.

Abu Ammar:
Wata takwas ɗin ma ai ba ta saurara ba, kotu ce ta mai da ku.

Mai Shago Hayin Dogo:
Ku bar ni in faɗi nawa, ni ba ma'aikaci ba ne amma da jami'a nake ci. In an rufe makaranta Samaru mutuwa take. Masu hoton takardu a bakin babbar ƙofa, masu abinci, 'yan acaɓa, masu Keke, masu gidajen haya a Hayin Dogo da Palladan da Zango, kowa ya yi tagumi. A wancan dogon yajin littafin bashina ya cika da sunayen mutanen da da can ni ke rusuna musu. Wani sai bayan magariba yake zuwa don kada a gan shi yana karɓar shinkafa kwano biyu. Amma in faɗi gaskiya, da aka fara biyansu kafin su kai gida suka biyo ta shago. Abban Hanifa, in ka zo ka shiga kofaretif ɗin ma'aikata tun watan farko, ka kuma nemi 'yar gona wajen Bomo ko hanyar Shika. Duk malamin da na ga bai wulaƙanta ba a lokacin, yana da buhun masara a ɗaki ko kaji a bayan gida.

Dattijo:
Jikana ke rubuta mini, idanu sun yi rauni. Na fara koyarwa a Samaru ƙarshen zamanin Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar, daga 1966 zuwa 1975, shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓe ta. A lokacin ana ba sabon malami gida a kwatas da bashin mota. A sashe ɗaya za ka tarar da Ba'indiye, da mutumin Ingila, da na Gana, da Bayarabe, da Bazazzagi. Mujallu na zuwa ɗakin karatu daga ƙasashen waje a kan kari. In marigayi Dakta Yusufu Bala Usman zai yi lacca, sai ka yi sammako ka samu wurin zama, a fito ana gardama har wajen cin abinci. Abin ya fara juyawa ne da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta faɗi, littafi ya gagara, baƙi suka tattara, namu suka bi su. A 1988 aka kori Patrick Wilmot, wani baƙon malami a jami'ar, daga ƙasar. A 1995 har soja aka kawo ya riƙe jami'ar, Manjo Janar Mamman Kontagora.

Ba don in sa ku kuka na kawo wannan ba. Yaro, ka shigo da sanin cewa wancan zamanin ba shi za ka tarar ba, kada wani tsoho irina ya ruɗe ka da labari. Amma bara na je asibiti a Shika, likitan da ya duba ni ya ce in ba don wata magana da na yi masa a aji ɗaya ba da ya bar karatu. Ni ban ma tuna shi ba. Ya ƙi barin in bi layin magani, shi ya je da kansa.

Ɗan Kwangila:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma da fansho ya isa ai da ba a jira tsohon ɗalibi ba.

Shugaban Zaure:
Ɗan Kwangila a riƙa tauna magana, sa'an kakanka ne.

Ɗan Kwangila:
Tuba nake Baba.

Dattijo:
Bar shi, bai faɗi ƙarya ba.

Injiniya Sabon Gari:
Ni mai kula da na'urori ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'ar, ba ta nan ba. Abin da ba a taɓo ba shi ne wuta. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin layin Band A, na masu samun wuta sosai, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, manyan makarantu suka shiga uku, ga dizal ya yi tsada tun kafin nan, fetur ma ya bi bayan cire tallafi a Mayun 2023. A wajenmu an taɓa ɗauke wuta ranar Juma'a da yamma, janareta ba mai, firizar da muke ajiye samfurin jini ta narke kafin Litinin. Aikin wata ɗaliba na shekara guda ke ciki. Tun daga nan duk wanda zai rubuta neman tallafi nake ce masa ya sa sola da batir a kasafin, kafin ma sinadarai. In ka je zagayen da Malam ya ce, ka leƙa ka ga me ke riƙe da firizarsu.

Ɗan Kwangila kuma da ke tambayar wane bincike, a nan Samaru akwai tukunyar nukiliya ta bincike a cibiyar makamashi, tana aiki tun 2004, ƙarama ce. Da ita ake gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci. Kana wuce ta a mota ba ka sani ba.

Bazazzagi a Ƙetare:
Ni na yi, na bari, ina koyarwa a wata ƙasar yanzu. Ba zan ce maka kada ka shiga ba, domin da takardun da na tara a gida aka ɗauke ni a nan. Abu ɗaya kawai: in makaranta ta ɗauki nauyin karatunka za ka sa hannu a yarjejeniyar dawowa ka yi mata aiki na wasu shekaru. Ka karanta ta da kyau, ka cika ta. Waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa sun toshe wa na baya hanya.

Abban Hanifa:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Baba Dattijo Allah ya ƙara lafiya. Na nuna wa uwargida zaren nan, ta ce Mai Shago ne kaɗai ya yi maganar da ta gane. Zan shigo Zariya ranar Alhamis in yi zagayen da Malam ya ce. Tambaya biyu suka rage mini. Gidan kwatas yana samuwa ga sabon shiga? Sannan fanshon da na tara a kamfani, ya zan yi da shi?

Hajiyar Kongo:
Kwatas akwai layi, kuma da maki ake bi, mataki da daɗewa da yawan iyali. Ka cike fom ka ajiye, amma kada ka dogara da shi a shekarun farko. Tunda Hajiya na Tudun Wada, ka lissafa kuɗin mota kullum ta Kwangila zuwa Samaru, ka gwada da hayar ɗaki biyu a Palladan ko Hayin Dogo, ka ga wanda ya fi sauƙi. Fansho kuwa ba ya ɓata. Lambar asusunka ɗaya ce duk inda ka koma, ita za ka kawo a ci gaba da zubawa, kashi 8 daga albashinka, kashi 10 daga mai aiki, bisa dokar 2014. In kana so daga baya ka mai da shi NUPEMCO, kamfanin fanshon ma'aikatan jami'o'i. Shekarun ritaya 65 ne, farfesa 70.

Baban Gona:
In Alhamis ce ka zo da takalmin roba, an yi ruwa jiya, gonar gwaji ta yi taɓo. Ka iso kafin ƙarfe 8 in kana son ka tarar da masu aikin a fili, bayan nan sai ofis za ka samu.

Malam Na-Samaru:
Ka yi mini magana ta akwatin sirri in ka iso, ina da aji ƙarfe 10 zuwa 12. Kuma kada ka ajiye aikin kamfani sai ka ga sunanka a takardar kama aiki.